Gida Mai Shuɗiyar Ƙofa

A Gumel ba a neman gida da lamba. Akwai dai lambobin da ma'aikatan rigakafi kan rubuta da alli a jikin bango, amma ban taɓa jin wanda ya karanta wa baƙo su a waya ba. Kwatance ake yi: ka wuce masallaci, ka bar mai shayi a hannun hagu, in ka ga darbejiya ka shiga lungu na biyu. Wata rana mai shayi ya tashi, ko a sare darbejiyar, sai kwatancen ya lalace a nemi wani. Namu kuwa ya fi shekara talatin bai canza ba. Duk wanda ya shigo unguwarmu yana neman gidan mahaifinmu, ko ɗan shekara biyar ya tambaya, amsa ɗaya zai samu: "Gida mai shuɗiyar ƙofa."

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar riɗi ne da zoɓo. Da kaka yana bin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar yana awo, ranar Alhamis kuma ba ya fashin kasuwar Maigatari. Wanda ya san yankin ya san ƙananan hukumomin nan huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, masarauta ɗaya ce, kuma Gumel ce cibiyarta. A nan fada take, a nan babban asibiti yake, a nan Kwalejin Ilimi take. Saboda haka duk wanda Baba ya taɓa sayen riɗinsa, ko ya sha furar gidansa, ya san yana da masauki in ya shigo gari. Mai jinyar da ya kawo mara lafiya, ɗalibin da bai samu ɗaki ba tukuna, masu zuwa kallon hawan sallah, da dangin Inna na tsallaken iyaka, wajen Magarya da Dungas, duk a zaurenmu suke ajiye jaka. Iyakar ba ta raba zumunci ba. Ai Tumbi ma, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin su dawo nan, yau a cikin Nijar take. Yawancin waɗannan baƙi ba su karanta boko, wasu kuma sai su yi shekara biyar ba su zo ba, su tarar gari ya canza musu. Abin da suka riƙe a ka shi ne launin ƙofa.

Muna yara mun ɗauka akwai wani sirri a cikin shuɗin nan. Wani ya ce maganin ƙuda ne, wani ya ce maganin kambun baka. Da muka girma muka fara ganin hotunan Shafshawan, garin nan na Maroko da aka shafe lungunansa da shuɗi, sai ƙanwata ta ce lalle Baba ya san wani abu da bai faɗa mana ba. Inna ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce wani abokinsa ne mai babbar mota ya yi wa bodin katako fenti, rabin galan ya rage, ya ba shi kyauta. Da kore ne ya rage, da gida mai koriyar ƙofa ake ce mana. Abin da Baba ya yi kawai shi ne bai taɓa canzawa ba. Duk bayan shekara uku ko huɗu, gab da sallah, sai ya kira mai fenti ya ce a maimaita, a shafe ƙyauren, a kuma zagaye bakin zauren da shi.

Baba ya rasu a 2018. Daminar 2022, wadda ta yi ɓarna sosai a Jigawa, ta cinye gindin zauren, bango ya tsage tun daga sama har ƙasa. Muka lallaɓa shi da tokara har muka haɗa kuɗi, a farkon 2024 aka rushe aka tayar da na bulo da siminti. Tsohon ƙyauren katako ne da aka lulluɓe da langa-langa, gara ta gama da cikinsa, bai ɗauku ba. Mai walda ya ƙera sabo na ƙarfe, ya kawo shi da jan fentin nan na hana tsatsa, ya ɗaura, ya karɓi kuɗinsa. Sai maganar launi ta taso, abin da muka ɗauka minti biyar zai ishe shi, ya cinye mana mako uku.

Mu bakwai ne a wurin Inna, biyu kaɗai ke zaune a Gumel. Don haka a zauren WhatsApp na 'yan gida aka yi shawarar zauren gaske. Babban Yaya, wanda ya fi kowa zuba kuɗi a ginin, ya turo hoton wani gida a Abuja: ƙofa baƙa ƙirin da ratsin ruwan gwal. Wata yayarmu ta ce fari, don ya dace da bango. Ƙanena ya ce kore, launi mai albarka. Nan take muka gano cewa a ƙasar nan kusan kowane launi yana da mai shi. Ka shafa rawaya a ce ka buɗe shagon katin MTN, ko kana hayar Adaidaita Sahu. Kore shar na Glo ne, ja wur na Airtel, in kuma ba haka ba a ce ka koma jar hula. Ka haɗa kore da fari da ja a ce gidan 'yan lema ne, ka ƙara shuɗi a ce gidan 'yan tsintsiya. Shuɗi da rawaya da kore kuwa, sai wani ya shigo kawo ƙara, yana zaton ofishin 'yan sanda ne. A garin da kowa ya san kowa, ba a shafa fenti a ce ado ne kawai. Sai an karanta shi.

Inna ba ta cikin zauren WhatsApp. Da aka kai mata labari ta ce kalma huɗu: "A mayar da shi." Ni kuma aka ce, tun da ɗan kwamfuta ne, in nemo ainihin shuɗin Baba daga tsofaffin hotuna.

Aikina rubuta manhaja ne, a Kano nake zaune, kuma launi yana cikin abin da nake taɓawa kullum. A wurinmu launi lamba ce. Allon wayarka cike yake da ƙananan ɗigogi, kowane ɗigo yana da haske uku a cikinsa, ja da kore da shuɗi, kowanne kuma ana iya ƙara shi ko rage shi daga 0 zuwa 255. In ka lissafa za ka samu launi 16,777,216, kowanne da lambarsa. In maigidana ya ce maɓallin nan ya yi duhu, layi ɗaya zan gyara, cikin minti ɗaya dubban mutane su ga sabo. In bai yi ba in mayar da na da, ba wanda ya yi asarar ko sisi. Manyan kamfanoni har gwaji suke yi a kan jama'a: a 2009 wani babban mai tsara fasali ya bar Google, cikin ƙorafinsa har da cewa an sa ana gwada shuɗi iri 41 don a ga wanda mutane suka fi latsawa.

Na tattara hotunan ƙofar guda goma sha ɗaya, na bukukuwan aure da na suna da na sallah, na ɗebi launi daga kowanne. Lamba goma sha ɗaya na samu. A hoton safe ƙofar ta yi kamar ruwan omo, a na azahar ta yi fari-fari, a na yamma ta karkata wajen toka. Ba laifin hotunan ba ne. Allo haske yake fitarwa daga cikinsa, fenti kuwa ba shi da hasken kansa: abin da rana ta ba shi yake sha, ya mayar da saura. Ranar hunturu daban, ranar bazara daban. Ita kuma kyamarar waya tana yin nata gyaran kafin ta nuna maka, tana ƙiyasta wane abu ne fari a wurin ta daidaita sauran a kansa. Ƙwaƙwalwar mutum ma haka take yi. Masu riƙe da waya a 2015 za su tuna hoton wata riga da ya raba duniya biyu, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan gwal, wasu na rantsuwa shuɗiya ce da baƙi. Bayan haka, ƙofar ta sha fenti wajen sau takwas a hannun mutum ɗaya, kowane karo da irin gwangwanin da aka samu a kasuwa. To wanne ne shuɗin Baba? Na shekarar da aka shafa, ko na shekara ta uku da rana ta gama lasarsa?

Mai fentin yana nan da ransa, ya tsufa, yaransa ke hawa tsani yanzu. Na je na gaishe shi, na nuna masa wayar da lambobina. Ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya miƙo mini.

"Injiniya, ni ban san wannan ba. Shuɗin babanka ruwan bula ne, a karya shi da fari kaɗan."

"Baba, kaɗan ɗin kamar yaya?"

"Sai na gani."

Na daɗe ina tunanin wannan amsa. Hausa ba ta da sunayen launi masu yawa da suka tsaya da ƙafarsu: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi, rawaya, sai irin su algashi da tsanwa da yaran yanzu ba su cika ji ba. Sauran duk aro muke yi daga abin da ido ya sani, mu ce ruwan kaza. Ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan hanta, ruwan makuba, ruwan ƙwai. Da sababbin kaya suka shigo kasuwa, suka shigo harshe: ruwan hoda, ruwan omo, ruwan siminti, ruwan bula. Wato in Bahaushe zai gaya maka launi, kwatance yake yi maka, kamar yadda yake yi maka kwatancen gida. Yana tura ka wurin wani abu da ku biyun kuka taɓa gani. Lambata ta fi tasa daidaito a kan allo, amma tasa ce ke aiki a tsakanin mutum biyu da ke tsaye a rana da gwangwani a gabansu.

Shi ne kuma ya tuna mini cewa a gidan Hausa na da, ba a ƙyaure ado yake ba. A bango yake. Magina su yi zane a fuskar zaure, dagi da sauransu, su tayar da zankwaye a sama, a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko a yi laso da katsin marina, ciki kuma a shafa farar ƙasa. Ƙyauren kansa katako ne, mai hali ya sa a daddatse masa shi da ƙarfe, kamar ƙyamaren tsofaffin ƙofofin birnin Kano da aka ajiye a Gidan Makama. Talaka kuwa tufaniya ko asabari sun ishe shi. Dalilin a fili yake. Ƙofar zaure tun asuba ake buɗe ta, ba a rufewa sai bayan isha'i. Duk yini ƙyauren yana jingine da bango a cikin inuwa. Wa zai kashe kuɗi a kan abin da ba a gani sai dare? Abin da mai wucewa ke gani shi ne bakin zaure a buɗe, da tabarma, da buta, da maigida ko wani nasa a zaune. Shi ya sa Baba ya zagaye bakin zauren da shuɗin, don in ƙyaure kaɗai ya shafa ba wanda zai san da shi.

Har kalmar ma ta nuna haka. In aka ce "ƙofar gida" ba ƙarfe ko katako ake nufi ba, filin da ke gaban gida ake nufi. A ƙofar gida ake ɗaurin aure, a nan ake raɗin suna, a nan ake sallar gawa, a nan ake zaman makoki. A nan aka sallaci Baba. Gida na masu gida ne, ƙofar gida kuwa ta jama'a ce.

Yanzu zamani ya juya. Ba maigida a zaurenmu. Inna ce a ciki, da matar ƙanena, da jikoki. Ƙanena yana fita aiki tun safe. An sha ɗauke wa mutane babur da waya a zaure da rana tsaka, don haka kowa ya koyi tura ƙofa ya sa sakata. Ka bi sababbin unguwanni, a Gumel ko Dutse ko Kano, za ka ga zauren ma babu shi, sai dogon bango da get, da ƙofofin Chana da na Turkiyya masu zuwa da launinsu daga kamfani. Ban ga laifin kowa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai wannan ne ya sa launin ƙofa ya zama magana a zamaninmu alhali bai dami kakanninmu ba. Ƙofar da ke rufe ita ake gani. Aikin da buɗaɗɗen zaure da tabarma suke yi a da, na gaya wa baƙo cewa nan ne kuma ana maraba da shi, yanzu ya koma kan wannan fallen ƙarfe. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To mu tabarmar ta koma ciki, fuskar ce ta rage a waje.

A sana'armu akwai ƙa'idar da ake koya wa kowane sabon shiga: kada ka canza adireshin da mutane suka riga suka riƙe. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, ya rubuta gajeriyar nasiha a kan haka tun 1998. In ka canza adireshin shafi don sabon ya fi maka kyau, kai ba za ka ji komai ba, don ka san inda ka koma. Wanda zai sha wuya shi ne wanda ya ajiye tsohon, ya dawo bayan shekaru ya latsa, aka nuna masa lamba 404, wato ba a samu abin da yake nema ba. Ba zai kira ka ya yi ƙorafi ba. Juyawa zai yi ya tafi, kai kuma ba za ka taɓa sanin ya zo ba. Wannan shi na rubuta wa 'yan'uwana. Yaya ya ce ai yanzu kowa yana da waya, sai a tura masa taswira. Na ce kawun Inna da ke wajen Dungas ƙaramar waya ce da shi mai tocila, layinsa ma na Nijar ne. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris ɗin 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Akwai mutanen da ta'aziyyar Baba ce zuwansu na ƙarshe. In suka zo suka tarar da zauren bulo maimakon na ƙasa, da baƙar ƙofa a rufe da ratsin gwal, me zai gaya musu ba sayar da gidan aka yi ba? Bahaushe mai kunya ne. Tsoho ba zai ƙwanƙwasa ƙofar da ta yi kama da ta wani babban ma'aikaci don ya tambaya ko akwai wurin kwana ba.

Duk da haka ba mu yanke da baki ba. Mai fenti ya ce gani ya kori ji. Ya aika yaronsa wurin mai walda ya kwaso guntayen ƙarfe guda shida, ya shafa musu baƙi, fari, ja, ruwan ƙasa, da shuɗi iri biyu, mai duhu da mai haske. Ya jingina su a bakin zauren, wanda ke kallon yamma, ya ce a bar su mako guda. Bayan ƙaramar sallah ne, cikin Afrilu, lokacin da zafi a yankinmu kan haura digiri 40. Da la'asar sakaliya muka fito muna taɓawa da bayan hannu. Baƙin bai taɓu ba. Launi mai duhu yana shanye yawancin hasken da ya sauka a kansa ya mayar da shi zafi, ƙarfe kuma ya watsa zafin cikin zaure, ya riƙa hucinsa har bayan magariba. A Abuja ƙofar hoton nan tana ƙarƙashin rumfa, a bayan get, ba yaron da ke jingina da ita. Tamu kuwa jikoki ne ke tura ta da tafin hannu sau ashirin a yini. Farin ya fi kowanne sanyi, amma kafin mako ya cika ya sha shatin yatsu. Ƙura kuma ba ta bar kowa ba, baƙin ma ta fi tona masa asiri. Wannan ma ba hunturu ba ke nan, lokacin da iska ke kwaso farar ƙura tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ta zube mana. Ruwan ƙasa ne kaɗai ƙura ba ta kama shi da laifi ba, sai dai daga bakin lungu ba ka bambanta shi da bango. Ja kuwa, in ji mai fenti, shekara ɗaya rana ke ba shi ya koma ruwan hoda. Shuɗi yana cikin masu jure rana, don yawancin shuɗin fentin zamani daga wani sinadari mai tagulla a ciki ake yin sa, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1935, kuma an san shi da rashin saurin koɗewa. Abokin Baba mai mota bai san wannan ba, amma kyautarsa ta dace da ƙasar.

Akwai abu ɗaya da na dage a kansa, zan kuma so duk mai shirin yin fenti ya sani. Wasu fentin mai ana haɗa su da dalma, musamman rawaya da ruwan lemo da ja, da koren da aka haɗa da rawaya, don tana ƙara musu haske da saurin bushewa. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, amma binciken da aka yi a kan fentin kasuwannin Nijeriya ya sha samun dalma mai yawa a ciki. Ba ranar shafawa take cutarwa ba. Sai fentin ya tsufa ya fara ɓarewa, ya zama gari, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka mutu, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Kaɗan ɗin da ba ya kisa ma yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ya gyaruwa. Shuɗi da fari ba su cika ɗaukar ta da yawa ba, amma launi kaɗai ba shaida ba ne. Daga Kano na sayo gwangwanin da aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma, na biya ƙarin kuɗin ban yi ciniki ba.

Saura zaɓi tsakanin shuɗi biyu. A ganina mai duhun ya fi kusa da hotuna. Aka kai wa Inna guntayen tsakar gida, ta juya su a rana, ta ajiye mai duhun gefe.

"Wannan ai baƙi ne. Na Malam ya fi haka fita."

Ta ɗauki mai hasken, shi ma ta ce bai kai ba, a ƙara masa rai. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta raɗa mini dalili. Gilashin da ke cikin idon mutum yana yin rawaya-rawaya da shekaru, tun ma kafin yana ta rufe shi, kuma hasken shuɗi shi ya fi tarewa. Shuɗin da ni nake gani sarai, a idon mai shekara saba'in ya dushe ya yi duhu. Ba shuɗin da aka shafa a da Inna take nema ba, wanda zai yi mata kamar yadda wancan ya yi mata tana da shekara talatin da biyar take nema. Kuma mutanen da muke wannan wahala dominsu, yawancinsu sa'o'inta ne. Idonsu ne ma'auni, ba nawa ba, ba na kyamara ba.

Ba zan rage wa Yaya hujjarsa ba. Ya ce shi ya sha wuya ya yi karatu, ya tayar da gidan ubansa daga ƙasa zuwa bulo, yana so duk wanda ya wuce ya san 'ya'yan gidan sun zama mutane. Ya ce shuɗin nan na shagon ɗinki ne da ƙofar makarantar firamare. Yana da 'ya'ya mata da za a zo neman aurensu a wannan ƙofa. Wannan ba girman kai ba ne, shi ma so yake ƙofar ta yi magana, sai dai da wasu mutane daban: surukai, abokan aiki, masu zuwa da mota. Gardamar tamu ba a kan baƙi da shuɗi take ba, a kan wa ƙofar za ta yi wa magana ne. Inna ce ta raba. Ta sa aka kira mata shi a waya, ba ta ambaci sunansa ba, don ɗan fari ne.

"Kai, masu mota ai suna da lambarka. In sun ɓata za su kira ka. Wanda ya zo da ƙafa fa, wa zai kira?"

Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Inna. A yi yadda kika ce." Ya roƙi abu ɗaya, a sa mariƙi mai kyau da fitila a saman ƙofar. Aka sa. Fitilar mai aiki da hasken rana ce, kuma ta zama mafi amfanin abin da aka ƙara wa gidan, don da daddare ba shuɗi ba baƙi, duk ƙofofi ɗaya ne.

Ranar shafawa yaran suka fara tun da sanyin safiya, kafin ƙarfe ya ɗauki zafi, don fenti a kan ƙarfe mai zafi bushewa yake yi kafin ya kwanta. Suka goge jan fentin sama-sama da samfefa, suka share ƙura da tsumma. Tsohon ya zauna a kan benci da gwangwani a tsakanin ƙafafunsa, yana zuba fari kaɗan-kaɗan yana juyawa da kara, yana ɗiga wa guntun ƙarfe yana aikawa cikin gida. Sau huɗu yaro ya shiga ya fito. A na huɗun ya dawo ya ce Inna ta ce shi ne. Na ɗauki hoton gwangwanin don in ajiye lambar, tsohon kuwa ya tsoma wani ƙaramin falle a ciki, ya rataye shi a ƙusa a cikin zaure inda rana ba ta kaiwa, ya ce duk wanda zai maimaita bayan ba shi, ya duba wannan.

Suka yi shafi biyu, suka zagaye bakin zauren kamar yadda aka saba. Da suka gama fuskar waje, fentin ya kusa ƙarewa, babban yaron ya leƙa soro ya yi sallama, ya tambaya wane launi za a sa wa bayan ƙofar, ɓangaren da ke kallon cikin gida. Mu bakwai, mako uku muna gardama, ba wanda ya taɓa tayar da wannan. Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ku sa duk wanda ya rage. Mu ai mun san gidan."